Wayarka ce ta tsufa, ko idonka ne ya ga sabuwa?

Daren jiya wani abokina ya turo min hotunan wayoyi biyu, ya ce in zaɓa masa wadda zai saya. Na ce to madalla, ita ta hannunka me ta yi? Na fi minti biyar ina kallon alamar yana rubutu yana gogewa. Can sai ga amsa ta faɗo: "Wallahi ba ta yi komai ba, kawai dai ta kwana biyu." Wayar da ko shekara biyu ba ta cika a hannunsa ba, fuskarta ko ƙwarzane babu.

Ban yi masa dariya ba, don ni ma na sha faɗa wa wannan ramin. Ka wayi gari lafiya lau da wayarka, kana kira, kana tura saƙo, kana biyan kuɗi da ita, sai ka ci karo da bidiyon wani yana ɓare kwalin sabuwa, yana juya ta a gaban fitila. Daga wannan lokacin taka ta fara yi maka nauyi a hannu. Kamararta ta dusashe, launinta ya zama na da. Ita kuwa baiwar Allah tana nan yadda take jiya.

Jama'a, mu fara gane wani abu. Kamfanonin nan kalandarsu daban, tamu daban. Apple ya saba fitar da sabuwar iPhone a watan Satumba, Samsung kuma yakan fito da manyan Galaxy S a farkon shekara. Dole ne su fitar, ko da sabon abin a zo a gani ko babu, domin masu hannun jari suna jiran lissafin ciniki. Wannan dolen tasu ce. Ban ga inda aka rubuta cewa ta hau kaina ba.

A da can, gaskiya canjin waya yana da ma'ana sosai. iPhone ta farko da ta fito a 2007 ba ta ɗaukar bidiyo, ba ta hawa 3G, kuma ba ka iya sauke mata manhajoji, sai a 2008 aka buɗe App Store. Kamarar gaba sai a 2010 ta zo da iPhone 4. Wanda ya canza waya a waɗancan shekarun, kamar ya sauka daga keke ne ya hau mota. Yau fa? Ka ajiye ta bana kusa da ta bara, ka rufe sunayensu, ka kira mutum goma su bambance. Yawancinsu sai sun juya bayan sun ƙirga idanun kamara.

To yaushe waya take tsufa da gaske? Ni dai a nawa ganin, mafi yawan abin da muke kira tsufa ciwo ne mai magani, kuma babbansu shi ne batir.

Batirin waya abu ne mai ƙarewa, kamar tayar mota. Duk cajin da ka yi ka sauke, yana rage masa wani abu. Apple da kansa ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 zuwa sama kuma bayan caji 1,000. Ka lissafa da kanka: mai cinye caji ɗaya cur a kullum, kafin shekara ɗaya da rabi ya cika 500. Zafi kuma shi ne babban makiyinsa. Mai barin waya a rana, da mai jona ta a caji yana buga wasa tana ƙuna a hannunsa, da mai tura ta ƙarƙashin matashi ta kwana tana caji, duk suna rage wa batirinsu kwana.

Kuma batir idan ya gaji, ba saurin mutuwa kaɗai yake jawowa ba, har jan ƙafa yana sa waya. Wannan ba zato ba ne. A Disamban 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun wasu tsofaffin iPhone da batirinsu ya yi rauni, ya ce don kada su riƙa ɗaukewa ba zato ba tsammani. Dalilin na iya zama gaskiya, amma laifin shi ne bai faɗa wa mutane ba. A 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 a kan wannan ɓoyon. Ka yi tunanin mutanen da suka ga wayarsu tana tafiyar hawainiya, suka yanke cewa ta gama yawo, suka je suka sayi sabuwa, alhali ɗan batir ne kawai ya gaji.

Ni ma haka ta kusa faruwa da ni. Wayata ta kai ga in cire ta daga caji da safe, kafin azahar tana neman agaji. Har na fara duba sababbi. Wani mai gyara ya ce in bari a canza batir tukuna, in ba ta yi ba sai in yi abin da na ga dama. Aka canza. Yau fiye da shekara guda ke nan, da ita nake rubuta muku wannan. Sai dai a kula da inda za a kai, domin jabun batir ya yi yawa, wani ma ya fi wanda aka cire lalacewa. Idan kuwa ka ga bayan waya ya ɗago, ko fuskarta ta fara ɓallewa daga gefe, to batir ne ya kumbura. Kada ka danne shi, kada ka ci gaba da caji. Wannan ba a yi masa sai gobe.

Ciwo na biyu shi ne cikar ma'adana, kuma wannan kam laifinmu ne. Mutum yana cikin zauren WhatsApp ashirin, kowane zaure ana turo bidiyo iri ɗaya, wayarsa tana sauke su duka tana tarawa. Ga hotunan barka da safiya na shekara uku, ga saƙon murya na minti goma sha biyu da bai taɓa saurara ba. Waya ta cika maƙil, ta rasa inda za ta numfasa, sai ya ce ta tsufa. Malam, share ta za ka yi. Ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye, ka kwashe hotunan da kake so ka adana su wani wuri, ka goge manhajojin da ka manta ma kana da su. Yammaci ɗaya ya isa.

Fasasshiyar fuska da bakin caji da ya saki, su ma na mai gyara ne, matuƙar kuɗin gyaran bai kusa kai darajar wayar ba.

Yanzu ga wanda ba shi da magani, kuma shi ne mutane ba sa dubawa ko kaɗan: ranar da kamfani ya daina turo wa wayarka gyaran tsaro.

Kowace manhaja tana da ɓaraka. Masu bincike suna ganowa, ɓarayin intanet ma suna ganowa, kamfani kuma yana turo faci yana toshewa. A 2015 aka gano wata babbar ɓaraka a Android da aka sa wa suna Stagefright, wadda ta saƙon bidiyo kawai ana iya kutsawa waya. Bayan wannan ne Google ya fara fitar da gyaran tsaro wata-wata. To ranar da kamfaninka ya daina turo wannan facin, wayar ba za ta nuna maka komai ba. Za ta ci gaba da kira, ta ci gaba da ɗaukar hoto, kamar gidan da aka yi wa sabon fenti amma sakatar ƙofarsa ta karye. Kuma ka tuna me ke cikin gidan: manhajar bankinka, lambobin sirrin da ake turo maka, imel ɗinka, hotunan iyalinka, hirarrakin da ba ka so kowa ya gani.

Dubawa ba wuya. Mai Android ya shiga saituna, ya nemi wurin bayanin waya ko na tsaro, zai ga kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. Idan na watannin nan ne, ka kwantar da hankalinka. Idan ya haura shekara kuma ka nemi sabuntawa ta ce babu, to nan ne zan ce maka ka fara shiri, ko da wayar tana sheƙi kamar jiya aka saye ta.

Abin daɗin shi ne wa'adin ya fara tsawo. Google ya yi wa wayarsa Pixel 8 alkawarin gyaran tsaro na shekara 7 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024. Tarayyar Turai kuma tun daga 20 ga Yunin 2025 ta wajabta wa sababbin wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta sabuntawa na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin, da kayan gyara na shekara 7. Amma ƙananan wayoyi da dama har yanzu shekara biyu ko uku suke samu. Kuma ga wani tarko: alkawarin kamfanonin nan yakan fara ƙirga ne daga ranar da samfurin ya fito kasuwa, ba ranar da kai ka saya ba. Ka sayi wayar da ta fito shekara uku da suka wuce, ko da a kwalinta take ba a ɓare ba, ka riga ka yi asarar shekara ukun nan. Masu sayen ta hannu su fi kowa lura da wannan.

Akwai kuma lokacin da duniya ce take wucewa ta bar waya a baya. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da 6 da 6 Plus. A Amurka manyan kamfanonin sadarwa sun kashe 3G a 2022, wayoyin da ba su san wata hanya ba suka zama fitila da agogo. Idan manhajar da kake neman abinci da ita ta ƙi hawa wayarka, babu sauran muhawara.

Maganar kamara fa, wadda ita ce hujjar kowa? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Galaxy S23 Ultra tana da kamara mai megafiksil 200, amma idan ka ɗaga ta ka ɗauki hoto yadda ta zo, mai megafiksil 12 take ba ka, sauran tana haɗe su ne don hoton ya yi haske. Sannan ka tura shi ta WhatsApp ya matse shi, wanda ka tura wa ya kalla na daƙiƙa biyu ya wuce. Ban ce babu ci gaba ba. Hoton dare da bidiyo marar girgiza sun inganta ƙwarai a 'yan shekarun nan. Mai ɗaukar hoton kayan sayarwa, ko mai haɗa bidiyo yana cin abinci da shi, a wurinsa kamara jari ce, ya saya ba tare da jin kunyar kowa ba. Haka dattijon da idonsa ya yi rauni yana buƙatar fuska mai faɗi. Amma mu da yawancin hotunanmu na rasit ne da allon sanarwa, mu ji tsoron Allah.

Sabon kiɗan da ake kaɗawa yanzu shi ne ƙirƙirarriyar basira. Nan ma ina da abin tunawa. Waɗanda suka sayi iPhone 15 a Satumban 2023, watanni tara bayan nan Apple ya sanar da tasa ƙirƙirarriyar basirar mai suna Apple Intelligence, ya ce sai mai 15 Pro zuwa sama. Sabuwar wayarsu ba ta shekara ba aka bar ta a tasha. Sannan wani ɓangare na sabuwar Siri (manhajar iPhone da ake ba umarni da murya) da aka yi ta tallatawa, a Maris ɗin 2025 kamfanin ya ce an ɗage shi. Shi ya sa ni ba na biyan kuɗin yau a kan abin da aka ce zai zo gobe. Abin da waya take yi ranar da na karɓe ta, shi na saya.

Kuma ba kowane sabon abu ne ƙari ba. iPhone 7 ta zo a 2016 babu ramin abin sauraro. iPhone 12 ta zo a 2020 babu kan caja a kwali. Galaxy S21 ta zo a 2021 babu wurin sa katin memori. Sai ka sayi waya, ka dawo kana sayen abubuwan da tsohuwarka ta ba ka kyauta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne cin bashi a kan wannan. Tsarin biya kaɗan-kaɗan yana sa kuɗi mai yawa ya yi kama da ƙarami, har mutum ya manta ya tara jimillar. Wani bai gama biyan ta hannunsa ba sabuwa ta fito, ya sake shiga. Ni lissafina mai sauƙi ne: kuɗin waya raba shi da watannin da za ta yi maka aiki. Wadda ka riƙe shekara huɗu, rabin kuɗin wata take ci maka idan aka kwatanta da wadda ka yar a shekara biyu. Bashin da aka ci don waya ta mutu kuma sana'a ta tsaya, wannan na fahimta. Wanda aka ci don a ajiye ta a kan tebur a gani, kwaɗayi ne, kuma an san abin da yake buɗewa.

Ga kuma inda tsofaffin suke ƙarewa. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa. Ko wannan bai dame ka ba, ka buɗe aljihun teburinka ka ƙirga matattun wayoyin da ke ciki. Wadda take aiki, ka cire asusunka, ka goge ta tas, ka ba wanda ba shi da ita.

Idan lokacin ya yi da gaske, ni ba na rububin makon farko. Nakan bar masu zumuɗi su gano mana inda take zafi da inda take maƙalewa. Sau da yawa ma ta bara nake dubawa, domin da zarar sabuwa ta fito farashinta yakan sauko, kuma tana da sauran shekarun tsaro a gaba. Sannan kada ka jira sai ranar da taka ta faɗa ruwa. Mai sayen waya cikin gaggawa abin da ya samu yake ɗauka, kuma a ranar ne yake gane bai taɓa adana lambobinsa ko hotunansa a ko'ina ba.

Duk wannan na zayyana wa abokina, ban da na sharar lantarki, don na san ba zai karanta ba. Ya je ya duba, ya turo min hoton saitunansa: gyaran tsaronsa na watan jiya ne, ma'adanarsa kuma saura ƙiris ta cika. Na ce ka gani? Ya ce ya gani, amma fa launin waccan koren ya tsaya masa a rai. Na ce to ka faɗi haka tun farko mana, sha'awa ce, kuma kuɗinka ne, in ba bashi za ka ci ba ni wane ne. Kawai dai ka daina ɗora wa ta hannunka laifin da ba ta yi ba.

Tawa wa'adin tsaronta baɗi zai ƙare, na riga na fara ware wani abu duk wata. Shi kuwa da asuba na tarar ya turo hoton ta uku.