Fure 400 a kwalba ɗaya: abin da tallan turaren wardi ba ya bayyanawa

Masu turaren wardi na alfarma, irin wanda ba a samu a kowane kanti, sun gane cewa lissafin fure yana jan mai saye. Kamfanin Frédéric Malle yana tallan turarensa Portrait of a Lady, wanda Dominique Ropion ya haɗa a 2010, da cewa furen wardin Turkiyya 400 ne ke shiga kowace kwalba mai mililita 100. Adadin yana da daɗin ji, sai dai ya kamata a auna shi.

Sai an tara kusan tan uku zuwa huɗu na furen damascena, wato nau'in wardin da ake turare da shi, kafin a tace kilo ɗaya na man wardi da tururi. A Isparta ta Turkiyya da Kazanlak ta Bulgeriya, da asuba ake tsinkar furen a watannin Mayu da Yuni, a zuba shi a tukunyar tacewa a ranar, domin da rana ta take man ya fara tashi daga furen. Fure 400 kuwa nauyinsu bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Idan man tururi ne, ko rabin giram bai kai ba. Mai tsada ne ƙwarai, amma ba shi ya cika kwalbar ba.

Wannan ba ha'inci ba ne. Man wardi yana ɗauke da sinadarin methyl eugenol, wanda ƙungiyar IFRA, mai tsara ƙa'idojin masana'antar turare ta duniya, ta ƙayyade yawansa a turare, saboda haka ko mai haɗin ya so ya malala shi, ba zai iya ba. Dole ya tallafa masa da sinadaran ƙamshi irin su citronellol da geraniol da phenylethyl alcohol, ya ɗiga damascenone kaɗan don ƙamshin ya yi zurfi. A nan gwanintar take, kuma ita ce ba a sa wa a allon talla, don sunan sinadari ba ya sayar da kwalba.

Su ma masu sharhi a intanet suna da nasu kuskuren. Yawancinsu da awa suke auna turare: awa nawa ya yi a jiki, daga ina aka fara jin sa. Alhali wardi na gaske ba ya daɗewa sosai a fata. Abin da ke kwana a riga shi ne pachuli (man wani ganye mai ƙamshi) da lubban da sandal da miski da ke ƙarƙashinsa. Sai ka ji ana yabon wardi kan aikin da pachuli ya yi.

Batun cewa Frédéric Malle ƙaramin kamfani ne mai zaman kansa ma ya sha ruwa, tunda tun 2014 katafaren kamfanin kayan kwalliya Estée Lauder ya ƙulla cinikin sayensa tare da wani kamfanin turare, Le Labo.

Mai niyyar saye ya fara da samfurin mililita biyu. Ya fesa sau ɗaya a wuyan hannu, kada ya murza, ya shinshina bayan minti goma sha biyar, sannan bayan awa huɗu. Kada ya gwada fiye da uku a zama ɗaya, domin hanci yana gajiya ya daina bambancewa. Ƙamshin awa na huɗu shi ne zai riƙa yawo da shi yini guda, kuma a kansa ya kamata ya yanke shawara.