Ba Shaiɗan ne ya buɗe jakar ba

Salama, jama'a. Rubutun yau da tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Akwai wata magana da muka mayar kamar ruwan sha a ikkilisiyoyinmu na Kaduna, daga Sabon Tasha har Kawo. In an kama mutum dumu-dumu, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Aikin Shaiɗan ne." Mu kuma sai mu gyaɗa kai, mu ce Allah ya kiyaye na gaba. Ni ma na faɗe ta, kuma a ranar da na faɗe ta na san ƙarya nake yi. Shi ya sa nake so mu ɗan zauna a kanta.

A shekarar 2023 ni ne ma'ajin ƙungiyar mawaƙa a majami'armu. Muna tara kuɗin anko na Kirsimeti, kowa yana kawo abin da ya samu bayan koyon waƙa na ranar Asabar. Kuɗin yana hannuna a cikin wata baƙar jaka, littafin lissafi ma yana hannuna. Kun tuna shekarar. Da farkonta ga ƙarancin takardun kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki amma yana kwana da yunwa. Sai kuma ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin mota daga Sabon Tasha zuwa cikin gari ya zama abin da sai ka yi lissafi kafin ka fito. Da watan Satumba ya kama, ga kuɗin makarantar yara biyu, ga mai gida yana aiko yaro kullum da safe.

Ban tashi rana ɗaya na ce zan ci kuɗin mawaƙa ba. Abin da ya fara zuwa tunani ne kawai, ina kwance: kuɗin nan fa zaune yake, ba a bukatarsa sai Nuwamba. Na kore shi. Bayan kwana biyu ya dawo da ƙarin bayani, wai ai rance ne, albashi na shigowa zan mayar. Daga nan na fara ƙirga kuɗin ba tare da dalili ba, in fito da shi in lissafa in mayar. Ranar da na zare dubu arba'in, zuciyata ko bugawa ba ta yi ba, domin aikin ya riga ya ƙare a cikin kaina tun mako guda kafin nan. Hannu cikawa kawai ya yi.

Da na koma wasiƙar Yakubu sura 1 daga aya 13 zuwa 15, sai na ga kamar manzon yana leƙe ta tagata a waɗannan kwanaki. Ya ce kada wanda ake jarabta ya ce Allah ne yake jarabtarsa. Ya ce muguwar sha'awar mutum ce take jan sa ta ruɗe shi, sa'an nan sha'awar ta ɗauki ciki ta haifi zunubi, zunubin in ya girma ya haifi mutuwa. Ku lura, a waɗannan ayoyi uku ko sunan Iblis bai ambata ba. Misalin ciki ya kawo, kuma duk macen da ta taɓa haihuwa ta san ciki ba ya zuwa yau a haihu gobe. Ana renonsa. Ni na reni nawa da hannuna, ina ba shi abinci kowane dare.

Kada wani ya ce na musanta akwai Shaiɗan. Yana nan, Bitrus ma ya kwatanta shi da zaki mai ruri yana neman wanda zai cinye. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Hausar da muke yi kullum ma ta fi mu gaskiya a nan. In muka ce wane yana da jarabar shayi, ko wance jarababbiya ce, ba mu nufin wani ya zo daga waje ya ɗora musu. Muna nufin abin a jikinsu yake.

Ɗora wa wani laifi kuwa gadonmu ne tun daga gonar Aidan. Allah ya tambayi Adamu, ya ce matar da ka ba ni ce. Ya tambayi Hawwa'u, ta ce maciji ne ya ruɗe ni. Ba wanda ya yi ƙarya tsagwaronta a cikinsu, amma ba wanda ya ce ni ne. Sarki Dawuda ya yi abin da ya fi nawa muni nesa ba kusa ba, ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin daga. Da annabi Natan ya tsaya gabansa ya ce kai ne mutumin, amsar Dawuda gajeriya ce: na yi wa Ubangiji zunubi. Daga wannan gajeriyar amsa Zabura 51 ta fito, wadda har yau muke rerawa.

Yanzu ga inda nake so in fi daɗewa. Na yi ta tambayar kaina, mene ne ainihin abin da ya ja ni? Ba son kuɗi ba ne irin na mai son ya sayi mota. Ban sayi ko takalmi da kuɗin ba, makaranta na kai. Abin da ya ja ni tsoro ne. A can ƙasan zuciyata na yanke hukunci cewa Allah ba zai iso a kan lokaci ba, gara in taimaki kaina kafin ya zo. Ina tsaye gaban jama'a ran Lahadi ina jan waƙar dogara ga Yesu, alhali dogarata tana cikin baƙar jaka a ƙarƙashin katifa.

Ku duba jarabar farko da Iblis ya kawo wa Yesu a jeji, a Matiyu sura 4. Bayan azumin kwana arba'in, bai kawo masa mace ba, bai kawo masa giya ba. Cewa ya yi, in kai Ɗan Allah ne, ka umarci duwatsun nan su zama gurasa. Mene ne laifin gurasa ga mai yunwa? Babu. Tarkon yana cikin wannan "in" ɗin: in da gaske Ubanka yana ƙaunarka, me ya sa ya bar ka haka, tashi ka nema wa kanka mafita. Yesu ya amsa masa daga Maimaitawar Shari'a 8:3, wurin da Musa yake tuna wa Isra'ilawa zancen manna, abincin da Allah ya riƙa saukar musu a jeji. Labarin manna ɗin nan kuwa, a Fitowa sura 16, kullum yana ba ni kunya. An ce kowa ya tara na yini ɗaya. Waɗanda suka ɓoye saura don gobe sun wayi gari ya yi tsutsa yana wari. Ba don yunwa suka ɓoye ba, sun ƙoshi a ranar. Sun ɓoye ne don ba su yarda zai sāke saukowa ba.

Addu'ar Ubangiji da muka haddace tun muna makarantar Lahadi ma haka aka jera ta. Roƙon abincin yini, sai roƙon gafara, sai kada ka kai mu cikin jaraba. Da ina yaro na ɗauka roƙo uku ne daban-daban. Yanzu ina ganin igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Shi ya sa nake da ƙorafi a kan yadda muke wa'azin jaraba. In Fasto ya ce yau za mu yi magana a kan jaraba, kowa ya san inda aka nufa: samari da 'yan mata, wayar hannu, burkutu. Waɗannan gaskiya ne, ban raina su ba. Amma yarinya ta yi ciki, mu sa ta a horo, ta zauna a bencin baya wata shida kowa yana kallonta. Mai makarantar da ya riƙe albashin malamansa wata uku, ko ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗi bai yi aikin ba, shi muke kira ya buɗe taron neman gudummawa, har mu tafa masa. Mai awo da ya bubbuge gindin mudu, ma'aikacin da ba ya motsa takarda sai an sa masa wani abu a ciki, matashin da ya kai kuɗin haya shagon caca yana jiran wasa ɗaya ya fitar da shi daga talauci, duk abu guda ne yake cin su, irin wanda ya ci ni. Mutanenmu nawa ne suka zuba kuɗi a MMM, harkar nan ta alkawarin ninka kuɗi, kafin ta rufe a Disamban 2016, wasu ma a harabar coci aka ja su ciki, ana ce musu buɗi ne daga Allah?

Sai kuma mu kawo "Allah ya ce tashi in taimake ka." Karin maganar Hausa ce mai kyau a wurinta, tana korar lalaci, amma ba aya ba ce. Ku bincika daga Farawa har Wahayin Yahaya, ba za ku same ta ba. Ni da ita na lallashi kaina a daren da na buɗe jakar.

To, wani zai ce, da ka jira, da Allah ya aiko kuɗin? Ba zan yi muku alkawarin da Littafi bai yi ba. Mai yiwuwa da an koro yarana gida na mako biyu ko uku. Mu mutanen Kaduna bai kamata a sayar mana da bangaskiyar ciniki ba, wai ka shuka dubu biyar ka girbe dubu hamsin. Mun ga abin da ya fi haka. Iyayenmu da suka yi aiki a masaƙun Kakuri sun ga an rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, masu tsoron Allah da marasa tsoronsa duk rana ɗaya suka koma gida. A watan Yulin 2021 da aka kwashe ɗalibai sama da ɗari daga makarantar Bethel Baptist a hanyar Kachia, iyaye sun yi kuka sun yi azumi, kuma yaran ba rana ɗaya suka dawo ba, wasu sai bayan watanni. Wa zai tsaya gaban waɗannan iyaye ya ce bangaskiyarsu ce ta yi kaɗan? Abokan Daniyel uku, da aka tsayar da su a bakin tanderu, cewa suka yi Allahnmu yana da iko ya cece mu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Wannan "ko bai" ɗin ne ban da shi a watan Satumban nan.

1 Korintiyawa 10:13 ta ce Allah ba zai bari a jarabce mu fiye da ƙarfinmu ba, tare da jarabar zai ba da hanyar fita. Na daɗe ina zaton hanyar fitar wata mu'ujiza ce, kamar saƙon banki ya shigo da tsakar dare. Da na waiwaya, hanyoyin suna nan a fili, ni ne ban so su ba. Zan iya zuwa wurin shugaban makaranta in roƙi a ɗaga mini. Zan iya gaya wa matata halin da ake ciki. Zan iya miƙa jakar ga wani tun ranar da na ga na fara ƙirga ta ba dalili, kamar yadda Yusufu ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar ya ruga waje. Kowace hanya a cikinsu ƙofarta gajeriya ce, sai an sunkuya. Ni kuwa na fi son a ci gaba da ganina a tsaye.

Albashi ya shigo, bai isa ba. Na wata na biyu ma haka. Nuwamba ta kama, aka ce Asabar mai zuwa za a je kasuwa sayen yadi. Daren Alhamis na tafi gidan wani dattijon ikkilisiya da ya san mahaifina, na same shi a tsakar gida yana jin rediyo. Bayan gaisuwa na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Baba, Shaiɗan ya ruɗe ni, na taɓa kuɗin mawaƙa."

Ya rage muryar rediyon, ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, shi Shaiɗan ɗin, shi ya san inda ka ajiye jakar?"

Na yi shiru.

Ya ce, "In shi ya ɗauka, tashi mu je mu kama shi. In kuwa kai ne, zauna mu yi addu'a, domin Yesu bai mutu saboda Shaiɗan ba, saboda kai ya mutu."

Wannan magana ta fi mari zafi, amma ita ce ta kwance ni. Muddin laifin na Shaiɗan ne, ba ni da abin da zan tuba a kai, ba kuma abin da za a gafarta mini. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana. Zunubanmu aka ce, namu. A daren nan na faɗi abin da sunansa. Ban ce rance ba, domin rance da sanin mai shi ake yi.

Baba bai ba ni ko sisi ba, kuma bai rufa mini asiri irin yadda na so ba. Ya ce in fara da matata, sa'an nan ran Asabar in faɗa wa shugabannin ƙungiya da bakina, shi zai zauna kusa da ni. Gaya wa matata ya fi mini wuya. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Baban yara, da ka gaya mini tun farko, ai da na karɓi ɗaukar adashina da wuri." Ashe hanyar tana kwance kusa da ni a gado ɗaya duk tsawon wata biyun.

Shugabannin ba su kai ni gaban ikkilisiya ba. Wata mama a cikinsu ta yi mini faɗa sosai, kuma ta yi daidai. Adashin matata ya cike dubu ashirin da biyar, sauran na biya dubu biyar-biyar har Fabrairu, wani ɗan'uwa ya tsaya mini a wurin mai yadi. Na ajiye muƙamin da kaina. Yanzu kuɗin ƙungiya a banki yake, sai mutum biyu sun sa hannu, littafin kuma yana wurin mutum na uku. Na tambayi Baba da shugabannin kafin in rubuta wannan, suka ce in rubuta.

Har yanzu ina cikin mawaƙa, a layin baya wurin masu babbar murya. Ankon shekarar yana nan a akwatina, shuɗi ne mai ratsin fari. Matata ta ce in bayar da shi tunda ya matse ni a kafaɗa, na ce ta bar shi tukuna.