Baƙo raɓa ne: masu hidimar ƙasa da darasin kiɗa a makarantun marasa galihu

Duk lokacin da kuɗi suka yi wa makaranta ƙaranci, akwai darussan da ake fara sallama, kuma kiɗa da waƙa na sahun gaba. Lissafi da kimiyya suna da jarrabawar da ke kare su. Kiɗa ba shi da mai tsaya masa. Ɗan mai hali ba ya jin wannan rashi, domin iyayensa za su saya masa piyano ko jita, su ɗauko masa malami har gida. Wanda ke yin asara shi ne yaron da makarantar gwamnati ce kaɗai ƙofarsa. Cikin wannan giɓi ne matasa masu yi wa ƙasa hidima suke shiga a wasu ƙasashe. Ina goyon bayan hakan, amma da sharaɗi.

A Amurka akwai shirin AmeriCorps, wanda aka kafa da doka a 1993 zamanin shugaba Bill Clinton. Matashin da ya shiga na cikakken lokaci yakan yi aikin awa 1,700 cikin shekara guda, a ba shi ɗan alawus na rayuwa, idan ya kammala kuma a ba shi tallafin biyan kuɗin jami'a ko rage bashin karatu. Ƙarƙashin wannan inuwa akwai ƙungiyoyi irin su ArtistYear da ke tura waɗanda suka karanci kiɗa, rawa da zane zuwa makarantun da yawancin ɗalibansu 'ya'yan talakawa ne. Najeriya da Ghana su ma suna da nasu tsarin hidimar ƙasa tun 1973, sai dai nasu wajibi ne ga waɗanda suka gama manyan makarantu, kuma da yawa daga cikinsu aji ake tura su. Ke nan hannayen suna nan. Tambayar ita ce me ake sa su yi.

Amfanin waɗannan matasa ya wuce sauƙin kuɗinsu. Suna da lokaci, kuma koyon kiɗa lokaci yake ci. Malamin da ke zagaya ajujuwa goma a mako ba zai iya zama da yarinya ɗaya yana gyara mata riƙon sarewa har sai sautin ya fito tsaf ba. Mai hidima zai iya. Yana nan bayan an tashi, a sa'o'in da yaran unguwannin talakawa ke gararamba saboda iyaye na wurin neman abinci. Shekarunsa ba su yi wa nasu nisa ba, ya san waƙoƙin da suke saurare a waya, yana iya farawa daga can. Yaron da bai taɓa ganin wanda ya karanci kiɗa a jami'a ba, yau ga shi yana gaisawa da irinsa kullum.

Akwai masu cewa yaron da bai iya karatu da rubutu ba, me zai yi da ganga? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan amsa ta da da'awar cewa kiɗa na ƙara ƙwaƙwalwar lissafi ba, domin masana ba su daidaita a kan hakan ba. Abin da kowa zai iya gani da idonsa ya isa. Yaro a cikin ƙungiyar makaɗa dole ya jira lokacinsa, ya saurari na kusa da shi, ya maimaita abu sau ɗari kafin ya yi daidai, ya zo gobe domin idan bai zo ba za a ji gurbinsa. Yaron da ya saba da jin cewa ba shi da amfani, ranar da ya tsaya gaban jama'a aka tafa masa, wani abu ya sauya a zuciyarsa. Ni wannan ya ishe ni hujja.

Misalin da aka fi ambata shi ne El Sistema na Benezuwela, shirin koyar da yara kiɗa kyauta, wanda José Antonio Abreu ya fara a 1975 da matasa goma sha ɗaya a wani garejin ajiye motoci a Karakas. Daga can Gustavo Dudamel ya fito, ya zama jagoran babbar ƙungiyar makaɗa ta Los Angeles, inda aka kafa irin shirin ga yaran birnin a 2007. Sikotland ta kwaikwaya a unguwar Raploch a 2008. Amma ko El Sistema bai tsira daga suka ba. Wani bincike da aka buga a 2017 ya gano cewa yaran shirin sun ƙaru da kamun kai, sai dai kason talakawa a cikinsu bai kai yadda ake zato ba. Wannan darasi ne babba: buɗe ƙofa kyauta bai isa ba, domin mafi talauci ba shi da kuɗin mota, ba shi da mai raka shi, wani lokaci ma bai ji labari ba. Sai an bi shi inda yake, kuma mai hidima da ke zaune cikin makarantar shi ya fi kowa damar yin haka.

Ga sharaɗin nawa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Mai hidima shekara ɗaya zai yi ya tafi, alhali yaron da ya fara goge irin na Turawa yana buƙatar shekaru kafin hannunsa ya faɗa. Babu abin da ya fi ciwo kamar a ɗanɗana wa yaro abu, ya fara sonsa, sannan a kulle kayan a kabad saboda malamin ya gama wa'adinsa, tsirkiya ta tsinke babu mai sauya ta. Yaran da rayuwa ta riga ta koya wa cewa manya na zuwa su wuce, wannan ƙarin tabbaci ne a gare su.

Haka kuma shirin da ya jingina da kasafin gwamnati yana iya wayar gari babu shi. A watan Afrilun 2025 gwamnatin Donald Trump ta soke tallafin AmeriCorps na kusan dala miliyan 400, ayyuka suka tsaya ana tsakiyar zangon karatu, har maganar ta kai kotu. Yaran da ke shirin wasan ƙarshen shekara ba su san komai game da wannan rigima ba.

Saboda haka bai kamata a auna mai hidima da yawan waƙoƙin da ya koyar kawai ba. A tambaye shi wane malamin dindindin ya yi aiki da shi kafaɗa da kafaɗa, wanda zai riƙe ajin bayan tafiyarsa. A tambaye shi manyan ɗalibai nawa ya horar su koyar da ƙanana, dabarar da El Sistema ta daɗe tana amfani da ita. Ya bar rubutaccen bayani kan inda kowane yaro ya tsaya, wanda zai gaje shi kuma ya iso kafin ya tafi, su yi ko da mako biyu tare. Hukumomin ilimi su ma kada su fake da masu hidima su daina ɗaukar ƙwararrun malaman kiɗa. Makarantar da za a tura wa mai hidima ta fara nuna sunan malamin da zai karɓi makullin ɗakin kayan kiɗa ranar da baƙon ya ɗaure jakarsa.