Wa Ya Ba Ku Izinin Baje Sirrinmu a Kasuwa?

Kullum saƙo ɗaya bankuna da kamfanonin tura kuɗi ta waya suke aiko mana: kada ka faɗa wa kowa lambar sirrinka. Mun ji, mun kiyaye. To, ɓarakar da kuka bari da hannunku a cikin tsarin fa, wa zai ɗinke ta? In kuɗi sun ɓace sai ku ɗora wa talaka laifin sakaci, alhali ƙofar da ɓarawo ya bi ku kuka bar ta a buɗe.

A dubi lambar asusu. A manhajoji irin su OPay da PalmPay, lambar asusunka ita ce lambar wayarka, sifirin farko kawai aka cire, saura lambobi 10. Mai shago da ya rubuta lambar asusunsa a bango ya riga ya raba wa duk mai wucewa lambar wayarsa. Matar aure mai sayar da turaren wuta ko atamfa ta WhatsApp, duk baƙon da ta tura wa asusu ya samu hanyar kiranta da tsakar dare. Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne: wanda ya tsinci lambar wayarka, ya shigar da ita kamar zai yi tiransifa, nan take cikakken sunanka zai fito, ko kwabo bai tura ba. Da wannan sunan ɗan damfara yake kira, ya ambace ka har da sunan mahaifinka, ya ce daga banki yake. Dattijo ya ji haka, yaya zai ƙi yarda? Gyaran ba wuya gare shi ba. A ba kowa lambar asusu da ba ta da alaƙa da layinsa, a kuma rufe wani ɓangare na sunan da ke fitowa.

Sai layin waya, wanda aka mayar mabuɗin komai. An sace maka waya a kasuwa, ɓarawo bai damu da makullin fuskarta ba. Zare layin zai yi ya sa a ƙaramar waya, ya danna *565*0#, lambobin BVN ɗinka 11, wato lambar shaidarka ta banki, su fito. Saƙon alat a kan layin yake sauka, yana nuna abin da ya rage a asusu. Lambar tabbatarwa ta wucin gadi ita ma can take zuwa. Tun 2018 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade cinikin USSD, wato tura kuɗi ta danna lambobi a waya ba tare da intanet ba, a kan naira 100,000 a rana, ya ce abin da ya haura 20,000 sai da shaida ta biyu. Amma in shaidar ta dogara da layin da ke hannun ɓarawo, me aka tsare? Ga kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfanin sadarwa ya karɓe ya sayar wa wani, banki bai sani ba, alat ɗin mutum ya ci gaba da shiga wayar baƙo.

Wurin masu POS abin ya fi ciwo. Tun da Babban Banki ya wajabta haɗa kowane asusu da BVN ko NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) a Disambar 2023, wakilai a bakin titi suke karɓar waɗannan lambobi. Wani a littafin rubutu yake jera su, suna da ranar haihuwa da lambar waya, littafin yana ajiye kan benci. Wani ya ɗauki hoton katin shaidarka da wayarsa, hoton ya zauna a ciki har ranar da zai sayar da ita. Ba wakilin nake tuhuma ba, yaro ne mai neman abinci. Kamfanin da ya miƙa masa na'ura ya sa masa adadin cinikin da zai kawo, bai koya masa yadda ake riƙe bayanan mutane ba, shi ne da alhaki.

Na manhajojin bashi kuwa cin mutunci ne tsantsa. Ka ci bashin dubu biyar, su kwashe lambobin wayarka kaf, ka makara kwana biyu su aika wa surukinka da limamin unguwarku cewa kai ɓarawo ne. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta ci tarar ɗaya daga cikinsu naira miliyan 10, a 2023 Google ya hana waɗanda ke rumbun manhajojinsa na Play Store taɓa lambobi da hotuna. Masu taurin kai sai suka koma raba manhajar ta saƙo, a sauke ta a bayan fage.

Doka tana nan. Dokar kare bayanai ta 2023 ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ta ce kamfanin da bayanan mutane suka zube daga hannunsa ya kai wa hukumar rahoto cikin awa 72. Tarar manyan kamfanoni naira miliyan 10 ce ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, wanda ya fi yawa. Kana da haƙƙin tambayar abin da suka ajiye a kanka, da neman a gyara ko a goge. Amma ina mai asusu zai san haka, tunda sharuɗɗan da yake danna "na yarda" a kansu shafuka ne da Turancin lauyoyi? Kun iya yin talla da Hausa a rediyo don mu buɗe asusu, ku fassara mana sharuɗɗan ma.

Kafin su gyara, ka sa wa layinka lambar sirri daga saitin waya, ka canja wadda ya zo da ita. Ka kula, kuskure uku yana kulle shi sai da lambar PUK da ke jikin katin layin. Ka rubuta lambar toshe asusu ta bankinka a takarda, domin ana iya danna ta daga wayar wani. Kada katin ATM ya bar hannunka, lambobi ukun da ke bayansa ka haddace ka rufe su. In za ka bar layi, fara zuwa banki a sauya lambar. In banki ya yi biris da ƙorafinka har mako biyu, kai shi sashen kare masu hulɗa na Babban Banki, in kuma bayananka aka fallasa, rubuta wa NDPC da hoton saƙon da ranar da ya shigo.