Gidan Mma na Bakin Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa na Zango da na nesa.

Yau wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Jiya bayan Magariba ina fitowa daga masallaci a nan Aboabo, iska ta kwaso mini ƙamshin bandar kifi daga wani gida, sai na tsaya cak a tsakiyar lungu kamar wanda aka kira sunansa. Gangar jiki na Kumasi, zuciya kuwa tuni ta sauka garinmu Kete Karaci: ga mangwaron ƙofar gidanmu, ga tabarmar Mma a gindinsa, ga tafki shimfiɗe har iya ganin ido, masu kwalekwale na dawowa ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo da muka yi sahu ɗaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Baba." Ya dube ni, ya girgiza kai, ya wuce. Babba ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Mu 'yan Kete Karaci jikokin fatake ne. Goro ya kawo kakanninmu ƙasar Gwanja, kuma da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, da yawansu suka gangaro Kete, bakin kogin Volta, suka kafa zango. A nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya yi limanci ya karantar da ɗalibai har ya rasu a 1934. To, wancan garin babu shi yau. Da aka datse kogi a Akosombo, ruwa ya fara taruwa a 1964, aka tashi mutane kusan 80,000 daga garuruwansu aka zuba su a sababbin matsugunai 52. Mma tana 'yar shekara goma lokacin. Takan ce mini, "Babana, ruwan nan bai zo da gudu ba, rarrafe ya yi. Yau ya ci gona, gobe ya ci hanyar kasuwa, jibi ya ci maƙabarta." Aka ba kowane gida ɗaki guda mai rufin kwano, aka ce kowa ya ƙarasa sauran da kansa. Har yau in ka shiga kwalekwale za ka ga kututturan itatuwa tsaye a cikin ruwa, matuƙa na kaffa-kaffa da su.

Ga abin da ban gane ba sai bayan ta tafi. Gidan nan da nake ta kewa, wanda aka haife ni a cikinsa, ita ba ta taɓa kiransa gida ba. In ta ce "gida", tsakiyar ruwa take nunawa da haɓa. Ina saurayi na taɓa yi mata dariya, na ce, "Mma, ɗakin ƙasa ne fa da jinka, me kike kewa a cikinsa?" Ta yi shiru, can ta ce, "Innata na can." Kakarmu ta rasu kafin tashin gari, kabarinta na ƙarƙashin tafki, babu wanda zai iya nuna wurin. Amma ban taɓa jin Mma ta damu da hakan ba. Cewa take Allah Ya san inda kowa ke kwance, kuma gaskiya ta faɗa, domin a Suratu Ƙaf Ubangiji Ya ce Ya san abin da ƙasa ke ragewa daga jikinsu, kuma a wurinSa akwai littafi mai kiyayewa.

Ashe ba bango take kewa ba. Ni ma ba mangwaro nake kewa ba. Da aka watse daga zaman makoki na shiga ɗakinta, ga buta a inda take ajiye ta, ga carbi rataye a ƙusa, ga tafkin nan ta taga bai ragu da ko cokali ba. Kwana ɗaya na ƙara, na kulle ƙofa na dawo Kumasi, kuma tun daga ranar ban sake taka garin ba.

Kafin in zo kan wannan laifin nawa, ina da magana da masu zuwa ta'aziyya. Da zarar sun ga hawaye sai ka ji, "Haba, ina tawakkalinka?" Ku ji tsoron Allah, ku daina ƙara wa mai ciwo ciwo. Wanda ya fi mu tawakkali, Sallallahu alaihi wa sallam, ya rungumi ɗansa Ibrahim yana kan gargara, idanunsa na zubar da hawaye, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da zai yardar da Ubangijinmu. Annabi Yaƙubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, bai ce ya daina ji ba, cewa ya yi Allah kaɗai yake kai wa kukansa. Kewar gari ma haka. Da Sahabbai suka yi hijira, zazzaɓin Madina ya kwantar da Bilal, in ya lafa masa sai ya ɗaga murya yana begen kwarin Makka, yana ambaton ciyayinsa da ruwan Majanna da duwatsun Shama da Ɗafil. Nana A'isha ta kai labari. Manzon Allah bai tsawata masa ba, addu'a ya yi: Allah Ka sa mana son Madina kamar yadda muke son Makka ko fiye. Abin da aka hana sananne ne, kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da maganar da ke tuhumar hukuncin Allah.

Akwai kuma wata ƙofar da Shaiɗan ya fi shigo mini ta cikinta, ita ce "da na sani". Ana saura kwana kaɗan azumi Mma ta kira ni ta ce, "Babana, ka zo mu sha ruwa tare ko na kwana biyu." Na ce kasuwa ta buɗe a Kejetia, in na rufe shago yanzu na yi asarar cinikin shekara, amma bayan Sallah ina nan tafe. Na tura mata momo, wato kuɗi ta waya. Ta sake kira ta ce, "Kuɗi sun shigo, Allah Ya yi albarka. Amma kai na ce ina son gani." Bayan Sallar na je, sai dai makara na je ɗauka. Hadisi ya ce kada mu ce da na yi kaza da kaza ya faru, mu ce Allah Ya ƙaddara kuma abin da Ya so Ya aikata, domin "da" na buɗe aikin Shaiɗan. Na riƙe wannan, kullum ina faɗa wa kaina. Zuwana ba zai ƙara mata ko numfashi ɗaya ba. Amma hadisin bai ce sakacina daidai ne ba, shi kam istigfari yake nema.

Saboda haka ku da naku ke raye, samarin Magazin na Suame, 'yan uwana na Kejetia da Alabar, na Nima da Mamobi a Ankara babban birnin Gana, da ku na Jamus da Italiya da Amurka: zuwa da kai ya fi aike. Tsohuwa ba ta iya shafa kan momo ta sa masa albarka. Daga nan zuwa Karaci, ka bi Ejura ka bi Atebubu ka yanki Kwame Danso ka hau jirgin fito a Kojokrom, duk wahalar hanyar yini guda ne. Yini guda na hana uwata, ni da ta ɗauke ni wata tara ba ta ce kasuwa ta buɗe ba.

Kwanakin baya abokaina suka ce za su ɗebe mini kewa, tunda ruwa nake so ga ruwa nan kusa. Suka ɗauke ni zuwa tafkin Bosomtwe, tafiyar kilomita 30 ko makamancin haka, muka gangara Abono. Wuri ne mai kyau, ba ƙarya, tsaunuka sun kewaye shi, masunta na zaune kan falankin katako suna tuƙi da hannu. Masana sun ce wani dutse ne daga sama ya faɗo ya haƙa ramin, shekaru sama da miliyan guda da suka wuce. Maƙwabtanmu Tonawa, wato Asante, kuma a al'adarsu suna cewa nan rayukan matattu ke zuwa ban kwana. Mu ba mu yi imani da haka ba, rai na hannun Mai shi. Na gode wa abokaina, na ci soyayyen kifi, amma ruwa kawai na gani, domin babu mai kirana Babana a bakinsa.

A hanyar dawowa ne na tuna yadda Manzon Allah ya yi da kewar Nana Khadija. Shekaru bayan rasuwarta, 'yar uwarta Hala ta yi sallama, ya ji irin sallamar Khadija, zuciyarsa ta motsa. Kamar ni da ƙamshin banda. Sai dai shi bai gudu daga abin da ke tuna masa da ita ba. Yakan yanka akuya ya ce a kai wa ƙawayen Khadija. Abdullahi ɗan Umar kuma ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, don kawai uban mutumin aminin Umar ne, ya ce ya ji Annabi na cewa mafi girman biyayya shi ne mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Ni kuwa ƙawayen Mma na can, tsofaffin da suka yi rabin ƙarni suna ƙyafe kifi tare, ko gaisuwar waya ban yi musu ba. Na fake da cewa zuciyata ba za ta iya ba. Gaskiyar magana, kaina nake tausayi.

Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi wace sadaka ta fi ga mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya ya ce wannan ta uwar Sa'adu ce. Kada wani ya ce me mutanen bakin tafki za su yi da rijiya. Duk wanda ya tashi can ya san tsargiya, ya san yaran da ke fitsarin jini saboda wanka da ɗiban ruwan tafkin. Ni da ƙannena mun fara adashi a kan wannan, Allah Ya ba mu ikon cikawa.

Wani tafkin kuma nake roƙa mata, da ni, da naku iyayen. Annabi ya ce shi ne zai riga mu isa Tafki, wanda faɗinsa tafiyar wata guda ce, ruwansa ya fi nono fari, ƙamshinsa ya fi almiski, kofunansa kamar taurarin sama, wanda ya sha ba zai ƙara jin ƙishi ba. Allah Ka shayar da Mma daga hannunsa, ita da Innarta da ke kwance ƙarƙashin Volta, Ka riskar da mu da su kamar yadda Ka yi alkawari a Suratu Ɗur.

Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu, da Asuba zan kama motar Atebubu. Na sayi goro ƙwarya guda da turmin atamfa na babbar ƙawarta, wadda aka ce mini yanzu idonta ya yi rauni, da murya take gane mutane. Makullin ɗakin na aljihun rigata tun jiya. Shago kuwa yarona zai buɗe.

Wanda ya karanta, don Allah ya sa Mma a addu'a.