Daren da wata ya yi ja ina tsakiyar littafi

Na rasa abin da ya sa wasu ke raina littattafan binciken kisa da aka gina a kan zamanin da. Wai ƙarya ce aka sa mata tsohuwar riga. Ni dai su na fi so, kuma daren 21 ga Janairun 2019 ya ƙara min son su.

Ranar wata ya yi husufi, ga sanyi kamar zai tsaga ƙashi. Ina ƙudundune a bargo, saura babi uku in san wanda ya yi kisan, na daure na ajiye littafin na fita. Husufi ba ya gaggawa. Inuwar duniya ta fi awa guda tana cin watan kaɗan-kaɗan kafin ta rufe shi, sannan ya yi minti 62 jajir kamar garwashi. Jan nan hasken rana ne da ya ratso iskar da ke kewaye da duniya, shuɗin ya watse a hanya, jan ya lanƙwaso ya sauka a kansa. Wanda ya leƙo na minti biyu ya koma ɗaki, wallahi bai ga komai ba.

To haka mai binciken cikin littattafan nan yake. Ba kyamara, ba gwajin jini. Zanen yatsa ma sai a 1892 aka fara kama mai kisa da shi a Ajantina. Kafin nan sai ido da haƙuri: laka a takalmi, kyandir da ya ƙone fiye da kima, bawan da maganarsa ta jiya ta saɓa da ta yau.

Abin da ke ban haushi shi ne marubucin da zai jefa husufi a labari don kawai ya tsorata mu, kamar mutanen da duk jahilai ne. Ai wasunsu sun san lissafinsa sarai. A ƙarshen Fabrairun 1504 Kolumbus, matuƙin jirgin ruwan nan, yana maƙale a Jamaika, mutanen tsibirin sun daina ba shi abinci. Ya duba jadawalin taurari, ya ce musu Ubangijinsa ya yi fushi, zai ɗauke wata. Watan ya yi ja, abinci ya dawo. Damfara ce tsagwaronta, kuma irin wannan mugun nake so in tarar a littafi.

Da na koma ɗaki yatsuna sun ƙage, da ƙyar nake buɗe shafi. Wanda na yi ta zargi tun babi na biyu ashe ba shi ba ne.