Ƙanena, kafin ka hau motar Ikko

Ku samarinmu da ke tasowa daga Maraɗi da Damagaram kuna sauka Agege, ga abin da ba a gaya muku a tasha ba. Kada yawan Hausawan Zango da Mile 12 da Idi-Araba ya ruɗe ku. Ikko garin mutane ne, baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa biyu.

Satina na farko na shiga danfo, ƙaramar bas ɗin haya, daga Oshodi. Da na hango inda zan sauka na ce a tsaya da Hausa, na maimaita da Faransanci, ko waiwayowa ba a yi ba. Sai da muka wuce tasha uku wata tsohuwa Bayarbiya ta lura da zufar da nake yi, ta ɗaga murya, "O wa o!" Nan take direba ya taka birki. Kwandasta ya miƙo mana ɗari biyar guda, ni da wani mutum, wai mu je mu raba canjinmu. Ban san me zan ce masa ba, shi ma haka. Muna tsaye cirko-cirko, ƙarshe na bar masa, na taka da ƙafa na koma.

Abin da ke ba ni haushi, akwai namu da suka shekara goma a nan ba su iya gaida mai gidan hayarsu da "E kaaro" ba, kullum kuma kukansu an cuce su. To wa ya fara cutar wa? Ka koyi gaisuwa da ƙirgen kuɗi da Yarbanci, ka tsinci Burokan Turanci a bakin 'yan kasuwa, ko za a yi maka dariya.

Wanda ya yi maka alkawarin babur kuma, ka tambaye shi a ina za ka tuƙa. Tun 1 ga Yunin 2022 aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi uku, babur ɗin da aka kama kuwa murƙushe shi ake yi.

Katin shaidarka kada ya bar aljihunka, balle yanzu da Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025. Kuɗin da ka fara samu kuma kada ka aika gida duka don a ce yaro ya yi arziki. Hayar ɗaki nan ta shekara ake biya, ga na ejan a kai, kuma kwana a shagon ɗan'uwa ba ya wuce 'yan watanni fuska ta fara sauyawa.